Sitiyari na Rawa Bayan Gyaran Ƙafa: Kafin Ka Sake Sayen Wani Ƙarfe

A cikin gari motar lafiya lau take. Toyota Highlander ce ta yayana, 'yar Kwatano, ta kwana shida a gareji ana mata gyaran ƙafa. An canza lowa-am biyu da tayarod da bol-joyin da shokozoba na gaba, aka ƙara da fad ɗin birki tunda an riga an buɗe wurin. Kukan ƙwaram-ƙwaram da take yi duk sanda ta faɗa rami ya ɗauke ɗif, Yaya yana ta yabon bakanikensa. Ranar Asabar muka kama hanyar Zariya za mu ɗaurin aure. Muna wuce Kura hanya ta miƙe, ya ɗan taka, allura ta haura 90, sai sitiyari ya fara kaɗawa a hannunsa kamar rariya a hannun mai tankaɗe. Ya kai 100, har agogon hannunsa na rawa. Da ya ƙara wuta ya haura 120, abin da bai kamata ba ma tunda 100 doka ta yanke wa ƙananan motoci a babbar hanya, sai rawar ta lafa. Ya dawo 80, shiru kamar ba a yi ba.

"Ka gani ko?" ya ce da ni. "Kafin in kai ta gyara ba ta wannan."

Wannan magana ta Yaya, duk wanda ya saba zama a gareji a Kano ko Kaduna ya ji ta daga bakin masu mota ba sau ɗaya ba. Amsar da ake ba su ma kusan ɗaya ce: Alhaji, alaimen ne, a je a yi alaimen. In an yi bai daina ba, a ce shaft ne. In an canza shaft bai daina ba, a ce kayan da aka sayo ne jabu, a koma Ƙofar Ruwa ko Fanteka a nemo na baljiyam. Haka mutum zai yi ta zuba kuɗi, ana canza ƙarfe bayan ƙarfe da lalube, alhali motar tun ranar farko ta faɗi inda ke mata ciwo, ba a dai saurara ba.

Mu ma wannan layin muka bi. Alaimen sau biyu a wurare biyu. Sannan shaft na ɓangaren direba.

Abin da alaimen ke yi da abin da ba ya yi

A fara da alaimen, don shi ake fara ɗora wa laifi. Aikinsa saita inda tayoyi ke fuskanta. Idan ya ɓaci, mota za ta riƙa janyewa gefe, ko sitiyari ya karkace alhali tafiya miƙaƙƙiya ake yi, ko taya ta cinye ta gefe guda. Duk wanda ya canza tayarod ko lowa-am dole ya yi shi, wannan babu gardama. Amma saiti abu ne da ke zaune wuri ɗaya, ba ya zuwa yana tafiya. Rawar da ke zuwa da bugu-bugu, tana ƙaruwa da gudu, daga abin da ke juyawa take fitowa: taya, rim, diskin birki, hob, ko shaft. Iyakar hannun alaimen a ciki shi ne, in an daɗe ana tafiya da shi a ɓace, zai ci tayar ta yi tudu da kwari, daga nan tayar ce ke rawa, kuma sabon saiti ba zai mayar mata da robar da ta tafi ba.

Lissafin abin yana da sauƙi. Tayar Highlander mai lamba 245/65R17 kewayenta ya kai kusan mita 2.4. A gudun kilomita 100 a awa, tana juyawa kusan sau 12 a sakan ɗaya. Idan wani gefe na bakin tayar ya fi sauran nauyi da giram 30 kacal, nauyin da bai kai ƙwan kaza ba, to a wannan gudun yana fizgar tayar da ƙarfin da ya haura kilo 6, sama da ƙasa, gaba da baya, sau 12 kowane sakan. Ƙarfin kuma ba daidai da gudu yake hawa ba: in ka ninka gudu sau biyu, fizgar ta ninka sau huɗu. Shi ya sa a 50 cikin gari ba ka jin komai.

To me ya sa ta lafa a 120? Taya da sifirin da shokozoba suna da wani bugu nasu da suke amsawa, tsakanin sau 10 zuwa 15 a sakan. Kamar lilo ne: in kana tura yaro daidai lokacin da ya dawo gare ka, ɗan turi kaɗan zai kai shi sama, in ka saɓa lokacin kuwa ƙarfinka ya tafi a banza. Idan juyin taya ya zo daidai da wannan bugun, rawa ta kai ƙarshe. Da an wuce wurin sai ta ragu. Saboda haka rawar da ke da zangonta na gudu, ta shigo wajen 90 ta fita wajen 115, kusan kullum maganar nauyin taya ce ko rashin zagayenta.

Akwai kuma wani abu da ke sa bakanike ya sha zagin da ba nasa ba. Tsofaffin bushin da tayarod da suka saki suna shanye rawa. Roba ta yi laushi, ƙarfe yana wasa a gurbinsa, bugun da taya ke yi yana ɓacewa a hanya kafin ya iso hannun direba. Da aka sa sababbi, komai ya ɗaure tamau, sai saƙon ya iso dukansa. Ciwon dama yana nan, gyaran ne ya tona shi. Mai mota ba ƙarya yake ba da ya ce da ba ta yi, bakanike ma ba ƙarya yake ba da ya rantse aikinsa daidai ne.

Tambayoyin dattijo

Bayan shaft ya ci kuɗi bai yi magani ba, wani abokin Yaya ya tura mu wurin wani dattijon bakanike, irin waɗanda suka fara aiki tun zamanin Fijo 504. Bai ɗauki sifana ba. Ya ce Yaya ya ja, shi ya zauna a gefe, muka hau titin bayan gari. Tambayoyinsa ba su da yawa. A wane gudu take farawa? In ka ɗaga ƙafa daga totur tana dainawa? In ka taka birki fa? A hannu kake jin ta ko a kujera?

Kowace tambaya a nan tana rufe ƙofa ɗaya. Idan rawar ba ta damu da totur ba, ka taka ko ka saki tana nan muddin gudun bai canza ba, to injin da giya sun fita daga zargi, an koma kan taya. Idan kuwa sai ka matsa wa mota, wajen hawa tudu ko za ka wuce tirela, sannan take girgiza, ka saki ta yi shiru, a nan ne ake duban kan shaft na ciki, wanda ke kusa da giyabos. Shi ke rawa in an ɗora masa nauyi. Kan shaft na waje, mai kusa da taya, kukansa daban: ƙas-ƙas-ƙas yake yi in an murɗa sitiyari ƙarshe ana kwana. Motar Yaya ba ta yin ko ɗaya daga cikin biyun nan, wato shaft ɗin da muka cire lafiyarsa ƙalau.

Tambayar hannu ko kujera ita ce ta raba gaba da baya. Tayar gaba tana haɗe da sitiyari ta tayarod, duk abin da ta yi hannu zai ji. Ta baya kuwa kujera da daɓen mota take kaɗawa, wani lokaci ka ga kujerar gefe da babu kowa tana karkarwa. A jif mai jan ƙafa huɗu akwai ƙarin wanda ake tuhuma, doguwar farfelar da ke kai ƙarfi baya ta ƙarƙashin mota. A irin su Prado tana juyawa kusan sau uku ko huɗu kafin taya ta yi ɗaya, don haka tata rawar ba bugu ba ce, wani gurnani ne siriri da ake ji a tafin ƙafa. In an kwance ta yayin gyara ba a sa alama ba, aka mayar ta a wani zama daban, tana iya fara wannan.

Birki kuma labarinsa ya fi tsawo, kuma a nan ne hannun bakanike ya fi shiga.

Idan sitiyari ba ya rawa sai an taka birki, musamman daga babban gudu, har ka ji fedar tana tura ƙafarka, kowa zai ce diski ya lanƙwashe. Galibi ba lanƙwasa ba ce irin ta murfin tukunya. Kauri ne ya bambanta: wani gefen diskin ya fi wani kauri da abin da ido ba ya gani. Ga yadda hakan ke faruwa bayan gyara. An cire diski don a kai ga hob ko bol-joyin. Fuskar hob ɗin tana da tsatsa da ƙura, ga garejinmu yawanci a ƙasa ake aiki, diskin ma a kan rairayi aka ajiye shi. Aka mayar ba a goge da burushin ƙarfe ko samfefa ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale tsakani, diski ya zauna a ɗan karkace. Karkatar da kamfanoni ke yarda da ita a motoci da yawa ba ta wuce milimita 0.05 ba, kwatankwacin silin gashi. Da an wuce haka, duk juyi ɗaya diskin zai shafi fad a wuri guda ko ba a taka birki ba, a hankali wurin ya cinye. Mugun abin shi ne ba ranar ake ji ba. Sai bayan makonni ko watanni, lokacin da mai mota ya manta an taɓa wurin, sai ya sayi sabon diski, a ɗora shi kan tsatsar nan dai, a sake komawa gidan jiya.

Kalifar birki ma tana da nata. In fin ɗinta ya bushe babu giris, ko an murɗe tiyon birki wajen mayarwa, fad ba ya saki gaba ɗaya. Motar za ta tashi lafiya, bayan tafiyar minti ashirin ko talatin diski ya ɗau zafi, rawa ta fara tana ƙaruwa. Ka tsaya ka kusantar da hannu wurin rim ɗin biyu, ba tare da ka taɓa diskin ba: ɗaya zai fi ɗaya zafi nesa ba kusa ba, har da ƙauri.

Noti da fayif

Ban taɓa ganin wanda ya yi gardama da yaron gareji kan ɗaurin noti ba, kuma ya kamata a yi. Yaro zai sa wil-sifana, ya zura mata dogon fayif, ya hau da ƙafa biyu yana tsalle har noti ya yi ƙara. Maigida yana kallo yana jin daɗi, wai an ɗaure da kyau. Littafin Highlander da na RAV4 ya ce a ɗaure notin taya da ƙarfin Nm 103, na Honda CR-V 108. Mutum mai kilo 60 da ya tsaya a ƙarshen fayif mai tsawon mita ɗaya ya ba notin abin da ya kusa 600. Ba wannan kaɗai ba, yakan gama ɗaure na farko tamau kafin ya taɓa na biyu, yana bin su a jere. Rim ya zauna a karkace, ya ja diski tare da shi. Ƙa'ida ita ce a fara kama su duka da hannu, a bi su a tsallake kamar ana zana tauraro, a ƙarasa da sifanar awo mai yin ƙas in ta kai. Garejin da ke da wannan sifanar kuma yake amfani da ita, ka riƙe shi.

Kishiyar haka ta fi haɗari. An ɗaura notuna da hannu mota na kan jak, aka sauke, aka kira sallah ko abinci ya iso, kowa ya ɗauka wani ya ƙarasa. Rawar sakakken noti ba ta jiran 90, tana farawa tun a ƙaramin gudu, da ɗan ƙwanƙwasa, kuma ƙaruwa take yi. Duk wanda ya fito daga gareji ya ji haka, ya tsaya nan take ya duba. Haka notin tayarod da na bol-joyin: akwai 'yar ƙusa mai baki biyu da ke hana su warwarewa, na sha ganin an maye gurbinta da waya, ko an bar ramin fayau. Ana ɗaga mota a kama taya hannu ɗaya gaba ɗaya baya a girgiza, sannan sama da ƙasa. Wasan gaba da baya yana nuna tayarod ko rak, na sama da ƙasa yana nuna boris ko bol-joyin. Sabo ne ba hujja ba ce. Kasuwa cike take da kayan da kwalinsu ya fi su inganci.

Bushin ɗin lowa-am kuwa ba a ƙarasa ɗaure shi mota na rataye. Sai an sauke ta ta zauna kan ƙafarta. In an ɗaure a sama, robar za ta zauna a murɗe har ta yage cikin 'yan watanni.

Sai maganar rim, ga masu son kwalliya. Rim ɗin Honda CR-V mai huji biyar yana shiga ƙusoshin Highlander, domin tazarar hujin ɗaya ce, milimita 114.3. Amma ramin tsakiya na Toyota milimita 60.1 ne, na Honda 64.1, kuma mazaunin notinsu ba iri ɗaya ba ne. Rim ɗin zai shiga, zai ɗauru, amma babu abin da ya tsayar da shi a tsakiya sosai. Irin wannan ko an yi balansin sau goma, a kan na'ura zai nuna sifili, a kan mota ya yi rawa. Manyan jif masu huji shida, irin Prado da Hilux, su ma sukan ba masu balansin wahala: in an kama rim ɗin da mazugin tsakiya kaɗai ba tare da farantin da ke riƙe shi ta hujin noti ba, awon yakan yi ƙarya. Gwajin mai sauƙi ne. Bayan an gama, ka ce a kwance tayar daga na'urar, a juya ta, a sake ɗaurawa a auna. In lambar ta canza, ba tayarka aka auna ba.

Akwai wata rawar da ba ta cikin wannan sahu, wadda direbobin Land Cruiser ta sahara, irin masu bin hanyar Agadas, da masu tsohuwar Nissan Patrol suka sani. Waɗannan motoci gatarin gabansu sanda ɗaya ce daga taya zuwa taya. In boris ɗin kan gatari ko bushin ɗin sandar da ke riƙe shi suka saki, mota na faɗa wa rami a guje sai gaban duka ya kama fizge-fizge hagu da dama, ba ya dainawa sai an rage gudu sosai. A Amurka masu Jeep Wrangler, motar da sunanta ya zama jif a bakinmu, sun daɗe suna kuka da ita har suna kiranta rawar ajali. Wannan ba aikin mai balansin ba ne, kuma ba a cewa bari a lallaɓa a kai gida. Highlander da RAV4 da CR-V ƙirar ƙafarsu daban ce, ba su cika yin irinta ba.

Abin da aka samu

Da muka dawo gareji, dattijon ya sa yaransa suka ɗaga motar. Ya fara da notuna, ya girgiza tayoyin gaba, babu wasa. Ya dubi aikin da aka yi mana, ya ce wanda ya yi ya iya aiki. Sannan ya ce a mayar da tayoyin gaba baya, na baya su dawo gaba, a sake fita.

A 100 sitiyari ya tsaya cak a hannun Yaya. Ni da ke zaune a baya kuwa sai na ji kujera tana dukan bayana.

Da aka ɗaga tayar dama ta baya, dattijon ya sa guntun bulo dab da bakinta, ya juya ta da hannu a hankali. Tana zuwa wani wuri sai ta shafi bulon, ta wuce ta bar tazara. Ya kama hannuna ya ɗora kan wurin: wani ɗan kumburi ne mai faɗin tafin hannu, wanda ido bai kama ba. Wayoyin ƙarfen da ke cikin tayar sun rabu da roba. Taya ce ta gwanjo da Yaya ya saya tun bara don zanenta yana da zurfi, aka sa ta baya, tana can tana ɗan bugunta cikin sauran hayaniyar ƙafar da ta lalace, ba wanda ya kula. Ranar gyara an cire tayoyin huɗu an jingine a bango. Da aka zo mayarwa, yara suka ɗauki wadda ta fi kusa da hannu. Ta baya ta koma gaba, ta tarar da sababbin tayarod masu kai saƙo ba ragi.

Irin wannan tayar balansin ba ya mata magani. Dalmar da ake maƙala wa rim tana gyara nauyi, ba ta mayar da ƙwai ya zama ƙwallo. Akwai na'urar da ke danna taya da wani abin birgima tana auna bugunta kamar a kan titi, kamfanin Hunter na Amurka ya yi suna da ita, amma ba kowane gari ake samunta ba, kuma bulo da ido sun isa su kama babban kumburi ko rim da rami ya lotsa.

Dattijon ya nuna mana lamba huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT a gefen tayar. Tun shekarar 2000 haka ake rubuta ranar ƙira: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2316 na nufin mako na 23 a 2016. Tamu ta haura shekara tara. Kamfanin Michelin yana cewa taya in ta shekara biyar a riƙa kai ta dubawa duk shekara, in ta kai goma a sauke ta ko da zanenta bai cinye ba. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa sun fi haka tsauri, shekara huɗu suke faɗa. Ga zafin kwaltarmu a watan Afrilu, ga ramuka, ga lodi.

Kafin mu tashi ya ƙara mana biyu da ba a biya kuɗi a kansu. Mota in ta daɗe a tsaye wuri ɗaya, tayar takan ɗan baje ta inda ta taka ƙasa, ta yi rawa a farkon tafiya, ta warware da kanta bayan ta ɗau zafi, don haka kada a yanke hukunci a kilomita biyar na farko. Da damina kuma, kafin a tuhumi kowa, a leƙa cikin rim: dunƙulen laka da ya bushe a gefe ɗaya ya fi giram 30 ɗin nan nauyi.

Yaya ya sayi sababbin tayoyi biyu, aka yi musu balansin, dattijon ya tsaya a kan yaran har suka ɗaure notunan a tsallake. Da aka tambaye shi kuɗin aiki ya ce a ba yara na abinci. Washegari Yaya ya koma garejin farko neman tsohon shaft ɗinsa, tunda yanzu ya san lafiyayye ne, kuma na kamfani ne da ya zo da motar. Aka ce ai 'yan jari-bola sun wuce da shi tun ranar Talata, a kan kilo.